FASHIN BAƘI: Kek ɗin makaranta da mutanen Birtaniya ke kewa, da siyasar da ta gasa shi

Babu wani abin a-zo-a-gani a jikinsa. Kek ne fari wanda kaurinsa bai wuce yatsu biyu ba, an gasa shi a tire mai kusurwa huɗu, an malala masa narkakken sukari, an barbaɗa 'yan ƙwayoyin alewa masu launi-launi a kai, sannan an yayyanka shi gida-gida. Idan aka zo ci, sai a kwarara masa kastad mai zafi har alewar ta fara zubar da launinta. Mutanen Birtaniya suna kiransa kek ɗin makaranta, domin a ɗakin cin abincin firamare akasarinsu suka fara saninsa.

Tun daga watan Maris na 2020, lokacin da Firaminista Boris Johnson ya kulle ƙasar saboda annobar korona, wannan kek ya dawo da ƙarfinsa. Mutanen da aka tsare a gida suka koma kicin, har fulawa ta ɓace daga kantuna na tsawon makonni. Ba alkama ce ta ƙare ba. Masana'antun niƙa sun saba sayar da mafi yawan fulawarsu a manyan buhuna ga gidajen burodi, ba su da isassun injinan ɗura ta a ƙananan ƙunshi na masu girkin gida. A cikin wannan zaman dole ne bidiyon kek ɗin makaranta ya cika TikTok da Instagram, kuma bayan an buɗe gari bai koma inda ya fito ba. Yau ana sayar da shi a shagunan shan shayi da manyan kantuna, ana kuma yin sa a bikin zagayowar ranar haihuwar mutanen da suka haura shekara arba'in.

Hausawa na cewa kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma tambayar da ta fi dacewa a nan ita ce: me ya sa miliyoyin mutanen da suka tashi a garuruwa daban-daban, a gidajen da ba su yi kama da juna ba, suke tuna ɗanɗano guda? Uwa ɗaya ba ta dafa musu ba. Hukuma ce ta dafa musu. Wannan kek, da siffarsa da arhar kayan haɗinsa da yawan sukarinsa, ɗa ne ga dokokin majalisa da lissafin kasafin kuɗi, kuma wani ɓangare na tarihinsa ya ratso ta Kano.

Yadda ake yin sa

Ƙa'idarsa ɗaya ce, kuma ita ta sa kowa ke iya haddace shi: abubuwa huɗu, nauyi ɗaya. Ƙwai huɗu manya, fulawa giram 225, sukari giram 225, bota ko majarin giram 225. Majarin shi ne man shafa burodin da ake yi da man tsirrai, wanda a kasuwannin Najeriya ake haɗa shi da bota a suna ɗaya. Tsofaffin masu girki ba sa ma duba takarda. Sukan ɗora ƙwan a sikeli, duk abin da ya nuna sai su auna sauran ukun daidai da shi.

A Birtaniya ana amfani da fulawar da aka riga aka gauraya da hodar kumburi tun daga masana'anta, wadda wani mai gidan burodi a Bristol, Henry Jones, ya yi wa rajista a 1845. Wanda ba shi da irinta sai ya zuba ƙaramin cokali uku na bekin hoda a fulawa giram 225, ya tankaɗe su tare. Ana ƙara ɗan filebo na banila da madara cokali biyu ko uku idan kwaɓin ya yi tauri.

Hanyar gargajiya ita ce a fara buga bota da sukari har su yi fari su yi sauƙi, domin ƙwayoyin sukarin suna huda man suna cusa masa iska, kuma wannan iskar ce zafi zai buɗa kek ya tashi. Sai a sa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, a ƙarshe a juya fulawa a hankali. Akwai kuma hanyar gaggawa, wadda ta yaɗu bayan fitowar majarin mai laushi: a zuba komai a kwano ɗaya a buga na minti biyu. Da wannan hanyar bekin hoda ce ke ɗaukar nauyin aikin da hannu ya ƙi yi. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ci gaba da bugu bayan fulawa ta shiga, domin hakan na tayar da danƙon alkama, kek ya fito da tauri kamar burodin jiya.

Ana shimfiɗa takardar gashi a tire mai tsawon santimita 30 da faɗin 20, a zuba kwaɓin, a baje shi har kusurwoyi. Zafin tanda digiri 180 a ma'aunin Salshiyas, minti 25 zuwa 35. Ba a buɗe ƙofa a minti ashirin na farko, in ba haka ba tsakiyar ta faɗa. Idan aka soka tsinke ya fito babu kwaɓi, ya nuna.

Sauran aikin haƙuri ne. Sai kek ya huce sarai kafin a ɗora masa ado. Ana tankaɗe garin sukari mai laushi kamar giram 250, a riƙa ɗiga masa ruwa cokali-cokali har ya yi kaurin da zai malala a hankali ba tare da ya tsere ba. Da an baje shi ake barbaɗa alewar, kafin ya bushe, sannan a ba shi kamar awa guda ya kama jikinsa. Wanda ya yi gaggawar ɗora shi a kan kek mai ɗumi zai ga sukarin ya nutse ya bar masa danshi kawai.

Kek ɗin yana da 'yan uwa, kuma duk a tire ake yin su. Akwai wanda ake wa laƙabi da kankaren cakulan, wanda ya fi suna a yankin Birmingham: fulawa da sukari da garin koko na cakulan da narkakken majarin, babu hodar kumburi, a danne shi a tire, a yayyafa ruwa da sukari a gasa. Yakan fito da taurin da cokali ke tsalle a kansa, shi ya sa ba a raba shi da kastad mai ruwan hoda ko kore da zai jiƙa shi. Akwai flapjack, wato hatsin ots da aka dama da bota da sukari da wani ruwan sukari mai kaurin zuma, wanda kamfanin Abram Lyle ya fara sayarwa a gwangwani a shekarun 1880. A Ireland ta Arewa, inda kayan tire ke cika tebur a tarukan coci da zaman makoki, akwai wanda ake kira “sha biyar-biyar”, domin biskit 15 da alewa mai taushi 15 da 'ya'yan ceri 15 ake haɗawa da madarar gwangwani mai kauri, kuma shi ko wuta ba ya gani.

Wanda ya fi su tsohon labari shi ne kek ɗin Tottenham, mai ado ruwan hoda, wanda ake dangantawa da mabiya ɗariƙar Quaker na arewacin Landan. A da, kwabo ɗaya ake sayar da yanka. A 1901, da ƙungiyar Tottenham Hotspur ta ci kofin FA, an raba shi kyauta ga yaran unguwa.

Me ya sa tire?

Kek mai zagaye na biki ne. Yana buƙatar gwangwani biyu, da abin shafawa a tsakani, da mai yanka da zai yi adalci. Tire kuwa kayan aikin wanda zai ciyar da yara ɗari uku cikin awa ɗaya ne. Kwaɓin da bai da zurfi yana nuna da wuri kuma daidai, tire yana cike tanda ba ya barin kusurwa a banza, kuma idan aka ja wuƙa a tsaye aka ja a kwance, kowane yaro ya samu daidai da na ɗan'uwansa. Mai lissafi a ofishin ƙaramar hukuma zai iya faɗin kuɗin kowane yanka tun kafin a kunna wuta. Siffar kek ɗin, a taƙaice, siffar kasafin kuɗi ce.

Yadda hukuma ta shiga harkar ciyar da yara kuwa bai fara da tausayi zalla ba. A lokacin Yaƙin Boer na Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, rundunar sojin Birtaniya ta gano cewa matasa masu yawan gaske daga unguwannin ma'aikata ba su da lafiyar ɗaukar bindiga. Daular da ke mulkin kusan rubu'in duniya ta waiwaya ta ga 'ya'yanta a ƙanjame. Aka kafa kwamiti, ya ba da rahoto a 1904. A garin Bradford kuma 'yan gwagwarmaya irin su Margaret McMillan da Fred Jowett sun daɗe suna cewa zalunci ne a tilasta wa yaro zuwa makaranta a kuma bar shi da yunwa a aji. A 1906 majalisa ta yi dokar da ta ba ƙananan hukumomi izinin ciyar da ɗalibai mabuƙata. Izini ne, ba tilas ba, kuma da yawa daga cikinsu sun yi kunnen uwar shegu.

Yaƙin Duniya na Biyu ne ya sauya lissafin. An ƙayyade abinci da kati, iyaye mata sun shiga masana'antu, an kwashe yara daga birane saboda ruwan bama-bamai. A 1941 gwamnati ta fitar da ma'aunin farko na abincin makaranta, inda ta ce kwano ɗaya na rana ya ba yaro kusan kalori 1,000. Sai dokar ilimi ta 1944, wadda ake kira da sunan ministan ilimi R. A. Butler, ta wajabta wa hukumomin ilimi na Ingila da Wales su samar da abincin rana a makarantu. Daga 1946 kowane ɗalibi yana samun sulusin kwalbar madara kyauta kullum.

A nan ne sirrin kayan zaƙin yake. Kalori dubu a kwano ɗaya ba wasa ba ne, musamman a ƙasar da nama ke kan kati har zuwa 1954. Hanya mafi arha ta cike wannan adadi ita ce fulawa da mai da sukari, a kwarara musu kastad. Shi kansa kastad ɗin ba na ƙwai ba ne. Garin masara ne mai launi da ƙamshi, wanda wani mai haɗa magunguna a Birmingham, Alfred Bird, ya ƙirƙiro a 1837 saboda ƙwai ba ya karɓar matarsa. Da aka ɗage ƙayyade sukari a 1953, kicin ɗin makarantu ya samu sararin da bai taɓa samu ba. Abin da yau ake ɗauka a matsayin shagwaɓa, a wancan zamani makamin yaƙi da rama ne.

Gyaɗar Kano a cikin kwaɓin

Bota ta ainihi, ta nonon saniya, ba abin da za a zuba a kek ɗin yara ɗari uku ba ce. Majarin ake sawa. Shi kuma majarin ba ya tsirowa a gonakin Ingila.

A farkon ƙarni na 20 masana kimiyya a Turai suka gano yadda ake daskarar da man tsirrai mai ruwa ya koma kamar bota. Nan take buƙatar mai ta yi tashin gwauron zabo, kuma man gyaɗa yana cikin waɗanda masana'antun majarin suka fi nema, tare da man kwakwar manja da na kifin whale. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Turawan mulkin mallaka auduga suka sa rai za ta cika taragun, domin masaƙun Lancashire, amma manoma da fatake suka duba farashi suka zaɓi gyaɗa. Cikin 'yan shekaru Kano ta zama cibiyar cinikinta, kuma a wannan ciniki ne Alhassan Dantata, wanda ya rasu a 1955, ya zama attajirin da ake kwatance da shi.

Babban mai saye shi ne kamfanin United Africa Company, wato UAC, wanda aka kafa a 1929 kuma ya kasance ƙarƙashin Unilever. Unilever ɗin kuwa haɗakar kamfanin sabulu na Lever Brothers ce da kamfanin majarin na ƙasar Holan, kuma ita ce mai Stork, majarin ɗin da ya zama sunan gida wajen yin kek a Birtaniya. Wato hannun da ke auna buhu a Kano da hannun da ke naɗe majarin a Ingila na jiki ɗaya ne.

A lokacin yaƙi da shekarun da suka biyo baya, daidai lokacin da ake gina tsarin ciyar da ɗalibai, manomi ba shi da zaɓin wanda zai sayar wa. Hukumar da Turawa suka kafa ce ke tsayar da farashi, ma'aikatar abinci ta Birtaniya ce ke kwasa, daga 1949 kuma hukumar cinikin gyaɗa ta Najeriya ta karɓi ragamar. Abin da ake biyan manomi ya sha kasancewa ƙasa da farashin kasuwar duniya, da hujjar ana tara masa rarar don ranar da farashi zai faɗi. Dalar gyaɗar da ake sa hotonta a littattafai a matsayin alamar arziki, wani ɓangare na dalilin tsayuwarta shi ne jirgin ƙasa ya kasa kwashe buhunan da sauri. Ƙishirwar mai a Birtaniya ta kai ga gwamnatin Labour ta ƙaddamar da gagarumin shirin noman gyaɗa a Tanganyika a 1947, bisa shawarar shugaban UAC, Frank Samuel. Shirin ya cinye miliyoyin fam, ƙasa ta ƙi, aka yi watsi da shi a 1951. Abin da taraktoci suka kasa yi a can, manomin Kano da Katsina da fartanyarsa yana yin sa kowace damina.

Haka labarin sauran kayan yake. Sukarin rake daga tsibiran Karebiyan yake zuwa, inda aka gina noman tun asali a kan bayin da aka kwasa daga Afirka. Kokon da ke cikin kankaren cakulan na Gold Coast ne, wato Ghana ta yau, da yammacin Najeriya. Ba laifin yaron da ya ci ba ne, kuma babu mai hankalin da zai ce kada a ciyar da shi. Sai dai idan ana ba da labarin yadda Birtaniya ta kula da 'ya'yanta bayan yaƙi, akan manta a faɗi waɗanda suka yi noman, da kuma cewa 'ya'yansu ba su ga ko makarantar ba, balle kwanon.

Lokacin da aka fara janye hannu

Madara aka fara taɓawa. Gwamnatin Labour ta Harold Wilson ta cire ta daga makarantun sakandare a 1968, abin da ba a cika tunawa ba. Wanda ake tunawa shi ne na 1971, lokacin da ministar ilimi Margaret Thatcher ta cire ta ga yaran da suka haura shekara bakwai, jaridu suka laƙaba mata sunan mai ƙwace madara, sunan da ya bi ta har kabari.

Babban sauyin ya zo ne bayan ta zama firaminista. Dokar ilimi ta 1980 ta soke ma'aunin gina jiki gaba ɗaya, ta kuma sauke wa ƙananan hukumomi wajibcin ciyar da kowa, sai 'ya'yan waɗanda ke karɓar tallafin gwamnati. Farashin bai-ɗaya na ƙasa ya tafi, kowace hukuma ta sa nata. Wasu suka rufe kicin ɗin makarantunsu. Wani gyaran dokar tallafi da ya fara aiki a 1988 ya fitar da dubban ɗaruruwan yara daga jerin masu ci kyauta. A wannan shekarar kuma wata doka ta tilasta wa ƙananan hukumomi su fitar da aikin girkin makarantu kasuwa a yi takarar kwangila, kuma a aikace wanda ya fi arha ke ci.

Araha kuwa ba ta ado. Hanya biyu ce ta rage kuɗi a kicin: a rage ingancin abinci, ko a rage haƙƙin mai dafawa. An bi duka biyun. Abincin da ake dafawa daga ɗanyen kaya ya ba da wuri ga na masana'anta da ake ɗumamawa kawai, da soyayyen dankali kusan kullum. Matan kicin, waɗanda su ne suka riƙe wannan tsari shekara da shekaru, aka zaftare musu albashi da awanni. A yankin North Yorkshire wasu daga cikinsu sun kai ƙara, kuma a 1995 kotun ƙolin ƙasar ta lokacin ta yanke cewa rage musu albashi don a ci kwangila ya saɓa wa dokar daidaiton albashi tsakanin maza da mata.

A nan ne abin mamakin yake. Yawancin masu ɗora bidiyon kek ɗin makaranta yau 'yan shekarun 1980 da 1990 ne. Ba su ci abincin zamanin Butler ba. Sun ci na zamanin da aka riga aka rushe ma'auni. Kek ɗin ya tsira daga wannan zaftarewa ne domin babu abin da za a ƙara ragewa a jikinsa: fulawa, sukari, majarin. A cikin kwanon da komai ya lalace, shi ne abin da ya rage yadda yake, kuma sau da yawa shi ne abin da aka gasa a kicin ɗin makarantar da hannun mutum. Ba mamaki ya zama shi ake tunawa. Kewa tana da zaɓe. Tana riƙe alewa mai launi, ta saki layin daban ko tikiti mai launi daban da wasu makarantu ke ba 'ya'yan talakawa masu ci kyauta, wanda ya sa wasu yaran suka gwammace yunwa da kunya.

Sai a 2005 ƙasar ta kalli kwanon 'ya'yanta da idon basira, kuma ba majalisa ce ta fara ba, talabijin ne. Mai girki Jamie Oliver ya shiga kicin ɗin wata makaranta a Greenwich da kyamara, ya nuna cewa abin da ake kashewa a kayan abincin yaro ɗaya bai wuce kwabo 37 na kuɗin Ingila ba. Wani naman talo-talo na masana'anta mai suna Turkey Twizzlers ya zama alamar abin kunyar. Mutum fiye da 270,000 suka sa hannu a takardar koke, gwamnatin Tony Blair ta yi alƙawarin fam miliyan 280, aka dawo da ma'auni mai ƙarfi daga 2006. Ƙa'idojin da suka fara aiki a Ingila a Janairun 2015 sun taƙaita kek da biskit ga lokacin abincin rana kawai, sun hana alewa da cakulan, sun kuma ce aƙalla sau biyu a mako kayan zaƙin ya kasance rabinsa 'ya'yan itatuwa ne. Matsalar da ake yaƙa ta juya. Kakanni rama ta dame su, jikoki ƙiba da ruɓewar haƙori.

Wa zai ci, wa zai biya

Tsugune ba ta ƙare ba. A daidai watannin da masu hali ke neman fulawar yin kek ɗin tuna baya, rufe makarantu ya raba wasu yaran da abinci mafi inganci da suke samu a yini. A watan Yuni na 2020 gwamnati ta ce ba za ta ci gaba da ba su takardun sayen abinci a lokacin dogon hutu ba. Ɗan wasan Manchester United na lokacin, Marcus Rashford, wanda shi kansa ya tashi yana cin abincin makaranta kyauta, ya rubuta wa 'yan majalisa buɗaɗɗiyar wasiƙa. Washegari gwamnatin Johnson ta lashe amanta, ta ware kimanin fam miliyan 120 ga yara wajen miliyan 1.3. A ƙarshen shekarar aka sake irin wannan ja-in-ja, ta sake lashewa. A Janairun 2021 kuma hotunan ƙunshin abincin da 'yan kwangila ke aika wa iyalai suka bazu, 'yan dankali da karas da burodi da aka ce na kwanaki ne, har firaministan da kansa ya amsa cewa abin kunya ne.

Mai karatu a Najeriya ba baƙo ba ne ga wannan zance. Shirin ciyar da 'yan firamare da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2016 ya fara ne da naira 70 ga kowane yaro a rana, kuma a Janairun 2024 Shugaba Bola Tinubu ya dakatar da shi tare da sauran shirye-shiryen hukumar tallafin jama'a, bayan zarge-zargen almundahana. Ƙasashen biyu ba sa'o'in juna ba ne a arziki, amma tambayoyin iri ɗaya ne: nawa aka ware, nawa ya isa tukunya, wa ya ci kwangila, kuma wa ke dubawa. Bambancin da ya fi fitowa fili shi ne a can wajibcin yana cikin doka, don haka duk mai son janye shi sai ya je majalisa ya faɗa da bakinsa.

A Ingila, tun Satumbar 2014 kowane yaro a ajujuwa uku na farkon firamare yana ci kyauta. Daga nan sai iyali sun cika sharaɗi, kuma sharaɗin da aka sa a 2018 mai tsauri ne: iyalin da ke kan tallafin Universal Credit sai abin da suke samu daga aiki bai wuce fam 7,400 a shekara ba bayan haraji. Duk da wannan ƙunci, kusan ɗalibi ɗaya cikin huɗu ya cancanta, abin da ke faɗin wani abu game da talauci a ɗaya daga cikin ƙasashe mafiya arziki a duniya. Sauran sassan sun bi hanyarsu. Wales ta kammala ciyar da dukkan 'yan firamare kyauta a 2024, Scotland tana ciyar da ajujuwa biyar na farko, a Landan kuma magajin gari Sadiq Khan, wanda shi ma ya ce da abincin kyauta ya yi karatu, ya fara biya wa duk 'yan firamaren gwamnati daga Satumbar 2023.

A watan Yuni na 2025 gwamnatin Keir Starmer ta sanar da cewa daga Satumbar 2026 za a cire wancan shinge na fam 7,400, duk yaron da iyalinsa ke kan Universal Credit zai ci kyauta, ƙarin yara fiye da rabin miliyan a lissafin gwamnati. A sanarwar ta kuma ce za ta sake duba ƙa'idojin abincin makaranta da aka yi shekara goma ana aiki da su, kuma a wannan bitar ce za a tsayar da yawan sukarin da zai rage a tiren.